Daga Zangon Kataf Zuwa Budrus: Sulhun Waɗanda Aka Kashe wa Nasu

Ranar 22 ga Agustan 2002, malamai da limaman coci 22, sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa hannu a kan wata takarda a Kaduna a gaban Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi. Sun yi tir da kashe mutum da sunan Allah, sun kuma ɗauki alƙawarin hana tunzura jama'a daga kan mumbari. Samfurin wannan takarda daga rikicin Isra'ila da Falasɗinu aka aro shi. Wata bakwai kafin nan, Shehun Azhar Muhammad Sayyid Tantawi da shugaban cocin Angilika George Carey sun tara manyan Musulmi da Kirista da Yahudawa na ƙasar Ƙudus a birnin Iskandariyya na Masar, suka fitar da sanarwa irin wannan ana tsakiyar Intifada ta biyu. Wani limamin coci Bature, Andrew White, ya yi kai-komo a duka tarukan biyu.

Ba a je ko'ina ba jini ya sake zuba a wuraren biyu. A can, watan Maris aka tayar da bam a wani otal a Netanya, watan Afrilu sojojin Isra'ila suka afka wa sansanin 'yan gudun hijira na Jenin. A nan kuwa, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka sama da 200 a Kaduna cikin watan Nuwamba.

Mutumin Ibeto, garin da ke kan hanyar Kontagora zuwa Yauri a Ƙaramar Hukumar Magama, inda Kambari da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, yana da damar ya tambaya: to ina amfanin irin wannan sulhu? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta tana wajen mutanen da suka yi aikin da hannunsu tun kafin a rubuta wata takarda.

Biyu daga cikin waɗanda suka tsaya aka yi taron Kaduna su ne Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Labarinsu daga Zangon Kataf ya faro. A watan Fabrairun 1992 aka ce za a tayar da kasuwar garin daga tsohon wurinta, inda Hausawa suka fi ƙarfi, a mayar da ita sabon fili. A ƙarƙashin maganar kasuwa akwai tsohon gyambo: gonaki, da ƙorafin 'yan ƙabilar Atyap cewa an daɗe ana mulkinsu daga fadar Zazzau. Zuwa watan Mayu faɗa ya sake tashi, aka rusa garin Zango, wutar ta tsallaka Kaduna da Zariya. Wuye, Bagwari ɗan soja, yana cikin shugabannin matasan ƙungiyar Kiristoci ta CAN, Ashafa kuma yana cikin shugabannin ƙungiyoyin matasan Musulmi. Kowannensu yana da yaran da ke fita da makami. A wannan rikici aka sare wa Wuye hannun dama. Ashafa ya rasa malaminsa na ɗariƙa da 'yan'uwansa biyu.

A 1995 suka haɗu a gidan gwamnatin Kaduna, wajen wani taro kan allurar rigakafin yara. Wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa hannuwansu ya ce su yi magana. Sun gaisa, amma kowa da abin da ke ransa. Ashafa ya sha faɗin cewa tunaninsa a lokacin shi ne yadda zai rama. Abin da ya karya masa zuciya huɗubar wata Juma'a ce kan tafiyar Annabi (SAW) Ɗa'ifa, yadda aka jefe shi har jini ya zuba, ya kuma ƙi yarda a halaka mutanen garin. Shi kuwa Wuye, abin da ya fara sassauta shi zuwan da Ashafa ya yi asibiti duba mahaifiyarsa, da ta'aziyyar da ya kawo bayan ta rasu. Duk da haka ya bayyana da bakinsa cewa sun kai shekara uku suna aiki tare, suna kwana ɗaki ɗaya a wajen tafiya, yana jin kamar ya danne wa abokin nasa matashin kai a fuska saboda hannunsa.

Wannan magana ta matashin kai ita ce abin da ya sa ake sauraronsu. Saurayin da aka ƙona wa gida ba ya jin wa'azin wanda bai taɓa rasa komai ba. Amma idan mai hannun roba ya tsaya gabansa ya ce ya ajiye adda, dole ya ɗan yi shiru. Su biyun ba su taɓa cewa addininsu ɗaya ba ne. Kowa yana nan daram a kan aƙidarsa, kuma kowa ya sha zagi daga nasa: an kira Ashafa wanda ya sayar da addini, an zargi Wuye da cin amanar coci. Cibiyar da suka kafa a Kaduna, Interfaith Mediation Centre, ta riƙa tura liman da fasto tare, bibbiyu, zuwa unguwannin da ake jin ƙishin-ƙishin ɗin tashin hankali.

Babbar jarrabawarsu ta zo a Yelwa. Ba Yelwar Yauri da mutanen Ibeto suka saba zuwa ba, Yelwar Shendam ce ta Jihar Filato. Ranar 24 ga Fabrairun 2004 aka kashe Kiristoci da dama a garin, aƙalla 48 a harabar cocin COCIN. Ranakun 2 da 3 ga Mayu aka kewaye garin aka kashe Musulmi kusan 700, a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch. Bayan kwana tara aka yi ramuwar gayya a Kano, mutum sama da 200 suka mutu, mutanen da galibinsu ba su taɓa taka Yelwa ba. Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya ɗora Janar Chris Alli.

A ƙarshen wannan shekara Ashafa da Wuye suka zaunar da shugabannin Goemai da Jarawa da Tarok da Hausawa da Fulani na tsawon kwanaki. Sun yi wa'azi, amma ba su tsaya nan ba. Sun sa kowane ɓangare ya zayyana ƙorafinsa a gaban ɗayan, sai ga shi yawancin ƙorafin ba na masallaci da coci ba ne. Magana ce ta wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wa zai naɗa mai unguwa, wa ya ƙi girmama sarkin Goemai, shanun wa aka kora. Da shugabannin Musulmi suka amsa laifin da aka lissafa musu suka nemi gafara, ɗaya ɓangaren ma ya amsa nasa. A watan Fabrairun 2005 dubban mutane suka halarci bikin sa hannu. Garin bai sake ganin kisa irin na 2004 ba.

A shekarar da liman da fasto suka fara gaisawa, 1995, wani Bayahude mai riƙo da addini, Yitzhak Frankenthal, wanda 'yan Hamas suka kashe wa ɗa soja a 1994, ya kafa ƙungiyar Parents Circle. Sharaɗin shiga mai ɗaci ne: sai an kashe maka wani naka a rikicin. Yau tana da iyalai sama da 600, Falasɗinawa da Yahudawa.

Fitattun 'ya'yanta biyu suna kiran juna ɗan'uwa. Rami Elhanan ya yi yaƙin 1973 a rundunar Isra'ila. 'Yarsa Smadar tana gab da cika shekara 14 lokacin da 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bam a titin Ben Yehuda na birnin Ƙudus ranar 4 ga Satumban 1997, ta mutu. Bassam Aramin yana ɗan shekara 17 aka ɗaure shi shekara bakwai saboda jifan motar sojojin Isra'ila da gurneti. Bayan ya fito, yana cikin waɗanda suka kafa Combatants for Peace, ƙungiyar tsofaffin sojojin Isra'ila da tsofaffin mayaƙan Falasɗinawa da suka ajiye bindiga. A Janairun 2007, ƙungiyar tana sabuwa, wani ɗan sandan kan iyaka na Isra'ila ya harbi 'yarsa Abir, mai shekara 10, da harsashin roba a ƙeya a kusa da makarantarsu a garin Anata. Bayan kwana biyu ta cika. Aramin bai koma ga makami ba, kotu ya tafi. A 2010 wata kotun Isra'ila ta ɗora wa gwamnati alhakin mutuwar, aka yanke diyya daga baya. Wanda ya yi harbin kuwa ba a gurfanar da shi ba.

A nan kamannin Kaduna da Ƙudus suka tsaya, kuma duk wanda ya ɓoye bambancin ya zalunci Falasɗinawa. Ashafa da Wuye 'yan ƙasa ɗaya ne, ƙuri'arsu ɗaya, kotunsu ɗaya. Elhanan ɗan ƙasar da ke da soja ne, Aramin kuwa yana zaune ƙarƙashin mamayar da wannan soja ya fara tun 1967, sai da takardar izini yake shiga inda abokinsa ke shiga ba tambaya. Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus sun haura 700,000. Saboda haka Falasɗinawa da yawa suke ƙyamar tarukan shan shayi da ɗaukar hoto da suka yawaita bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993. Suna cewa irin wannan zama yana sa duniya ta ɗauka rashin fahimta ce kawai tsakanin maƙwabta, alhali ana ƙwace gona ana rushe gida. Suna da gaskiya a kan tarukan da ba sa ambaton mamaya. Aramin da Elhanan dai ba su cikin wannan sahu, domin duk inda suka tsaya magana sukan ce mamayar ce tushen jinin 'ya'yansu. A 2023 ma'aikatar ilimi ta Isra'ila ta hana ƙungiyarsu shiga makarantu, kuma ba a hana abin da ba a jin tsoron tasirinsa.

Akwai wani reshe na wannan aiki da ya fi dacewa manomi ya sani, domin a gona aka yi shi. A 2003 Isra'ila ta zana hanyar katangar da take ginawa ta ratsa gonakin zaitun na ƙauyen Budrus. Wani mutumin ƙauyen, Ayed Morrar, wanda ya sha ɗauri, ya haɗa 'yan Fatah da 'yan Hamas, ya kuma buɗe ƙofa ga Yahudawan da suka yarda su tsaya tare da su. Sharaɗin shi ne ba makami. Kullum katafila ta zo, jama'a su fito su zauna a gindin itatuwa. 'Yarsa Iltezam, mai shekara 15, ta matsa sai an bar mata sun shiga sahun gaba. Wata rana ta kutsa tsakanin sojoji ta faɗa cikin ramin da katafila ke haƙawa, ta zauna, direba ya tsaya. An yi zanga-zanga fiye da 50, an sha duka da barkonon tsohuwa da kame. A ƙarshe aka karkatar da katangar, ƙauyen ya tsira da kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasarsa.

Ƙauyen Bil'in ya ɗauka daga nan a 2005, yana fita kowace Juma'a. Kotun Ƙolin Isra'ila ta ba da umarnin sauya hanyar shingen a 2007, ba a aiwatar ba sai 2011, kuma a tsakani an kashe Bassem Abu Rahmeh da gwangwanin barkonon tsohuwa a ƙirji. Tun kafin su, mutanen Beit Sahour, waɗanda galibinsu Kiristoci ne, sun ƙi biyan haraji ga hukumar mamaya a 1989, soja ya rufe garin sama da wata guda yana kwashe kayan shaguna da na gidaje. Shekara guda kafin nan Isra'ila ta kori Mubarak Awad, mai koyar da gwagwarmaya ba da makami ba, daga ƙasar haihuwarsa.

Sai 7 ga Oktoban 2023. An kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, aka tafi da kusan 250. Cikin waɗanda aka kashe har da Vivian Silver, tsohuwa mai shekara 74 a ƙauyen Be'eri, wadda ta shafe shekaru tana ɗauko marasa lafiya daga kan iyakar Gaza a motarta tana kai su asibitocin Isra'ila. Kwana uku kafin mutuwarta tana wajen gangamin matan Yahudawa da na Falasɗinawa masu neman a koma teburin sulhu. Abin da ya biyo baya a Gaza kowa ya gani a waya: zuwa tsakiyar 2025 ma'aikatar lafiyar yankin ta ƙirga gawa sama da 60,000, ga yunwa ga rusau. A watan Yulin wannan shekara wani ɗan kama-wuri-zauna ya harbe Awdah Hathaleen, malamin makaranta a ƙauyen Umm al-Khair, wanda ya taimaka wajen fim ɗin No Other Land da Falasɗinawa da Yahudawa suka haɗa har ya ci kyautar Oscar. Waɗannan mutane ba su hana yaƙi ba, kuma ba su da ƙarfin hana shi. Ƙarfinsu a kan mutum ɗaya ɗaya yake, da gona ɗaya ɗaya. Wani Bayahude, Maoz Inon, wanda aka ƙona iyayensa a gidansu ranar 7 ga Oktoba, ya fito cikin kwanaki ya ce kada a rama da sunansu.

A gida ma iyakar abin a fili take. Bayan rikicin shari'a na 2000, wanda ya ci rayuka aƙalla 2,000, Kaduna ta rabu a bakin kogi, Musulmi suka tattara arewa, Kirista suka koma kudu, har wasu suna kiran ɓangarorin Makka da Jerusalem. Wa'azin liman da fasto bai mayar da kowa tsohon gidansa ba. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya kashe ɗaruruwa a Zonkwa da Kafanchan. An sa hannu a sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan a Maris ɗin 2016, kafin shekarar ta ƙare an sake kisa a Godogodo. Abin da ya ɗan rage zafi a Zangon Kataf mataki ne da hukuma kaɗai ke iya ɗauka, wato bai wa Atyap masarautarsu a 1995, da ƙarin masarautun da Maƙarfi ya ƙirƙiro a kudancin jihar. Babban giɓin da ya rage shi ne hukunci. An kafa kwamitocin bincike bayan kusan kowane rikici, amma waɗanda suka ɗauki nauyin kisa da wuya a ga ɗayansu a gaban alƙali. Mai sulhu yana roƙon uwa ta yafe, alhali wanda ya kashe mata ɗa yana wucewa ta ƙofar gidanta a kan babur. Zalunci ne a bar wa masu sulhu wannan kaya su kaɗai.

Duk da haka, ranar da abu ya ɓaci, zaman da aka gina tun da farko shi ke ceton rai. Ranar 23 ga Yunin 2018 mahara suka afka wa ƙauyukan gundumar Gashish a Barikin Ladi. Kiristoci suka gudo ƙauyen Nghar. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, mai shekara 83, ya shigar da mata gidansa, maza masallaci, mutum 262. Da maharan suka zo ya fita ya tare su, ya ƙi buɗe ƙofa, ya durƙusa yana roƙo, ya ce sai dai su fara da shi. Suka tafi. Da ake tambayarsa daga baya, ya tuna cewa Kiristocin yankin ne suka bai wa Musulmi wurin gina masallacin.

Ƙasar Kontagora ta san ɗanɗanon wutar da ake kunnowa daga nesa. A Fabrairun 2006, zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Denmak ya jawo kisa a Maiduguri, aka rama a Onicha, ramuwar ta dawo har Kontagora inda aka ƙona coci-coci aka rasa rayuka. Yau barazanar ta sauya kama. 'Yan bindiga sun kwashe yara sama da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina a Mayun 2021, sun kuma kwashe sama da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a Agwara a Nuwamban 2025. Ba su tambayi addinin kowa ba.

Wannan ne ya sa mutanen yankin suke ɗaure fuska idan aka ce sulhu, domin abin da ke zuwa ransu shi ne zaman da gwamnoni suka yi da shugabannin daba. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada a Katsina a 2016 da 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Wancan ciniki ne da mai bindiga a kafaɗa, wanda bai amsa laifi ba, bai mayar da abin da ya ƙwace ba. Abin da aka yi a Yelwa daban ne: maƙwabta ne da za su ci gaba da zama tare, kowa ya faɗi abin da aka yi masa, ya kuma amsa abin da ya yi.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a karkarar Arewa. Shanu sun shiga gonar dawa ana gab da girbi, manomi ya kai ƙara wajen mai unguwa ko dagaci, a aika wa arɗo. Dattawa su taka zuwa gonar, a bi sawun kofato, a duba karan da aka tattake, a ƙiyasta dami nawa aka yi asara, makiyayi ya biya, a yi musabaha. Ƙarfin wannan shari'a shi ne saurinta, domin ana yanke ta kafin magana ta kwana ta kai ga samari. Abin da ke raunana ta yanzu shi ne kuɗin goro da zai shigo tsakani, da jita-jitar WhatsApp, da ɗabi'ar ɗora laifin 'yan bindiga a kan kowace ruga. A Zamfara an ga inda hakan ya kai: 'yan sa-kai suka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, 'yan'uwan mamatan suka shiga daji, ƙauyuka suka biya.

Dagaci da arɗo da liman da fasto a Ibeto ko Salka ko Auna za su iya hana irin wannan ramuwa, idan sun saba zama tun ba a yi ɓarna ba, idan kuma zaman nasu yana taɓa burtali da mashaya da filin kasuwa. Amma ba za su iya shata burtalin da doka ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo tun 1965. Cikin gandun kiwo kimanin 415 da aka ware a ƙasar nan, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a hukumance, sauran gonaki da gine-gine sun ci da yawansu. Gandun Bobi da ke Mariga, cikin masarautar Kontagora, yana cikin manyan da suka rage, kuma rashin tsaro ya hana makiyaya da yawa cin moriyarsa yadda aka tsara.